Tom Semple da Filin Thurles: Yadda Wasan Ƙauye Ya Sami Gidan Kansa

A tsakiyar kudancin ƙasar Ailan akwai wani ƙaramin gari mai suna Thurles, wanda mazaunansa ba su kai dubu goma ba. Amma a gefen garin akwai filin wasa da ke ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu 45, wato ninkin mutanen garin sau biyar. Duk ranar da za a yi babban wasa, tun da hantsi jiragen ƙasa suke fara sauke jama'a daga Cork da Limerick da Dablin, dandalin garin ya cika maƙil, sannan a ɗunguma a ƙasa zuwa filin. Sunan filin Semple, kuma mai sunan ma'aikacin reluwe ne, Tom Semple, wanda ya rasu a 1943 ba tare da ya taɓa cin albashi a kan wasa ba.

Wasan da ake magana a kai shi ne hurlin, ƙwallon gora irin ta mutanen Ailan. Semple ya lashe gasar ƙasa baki ɗaya sau uku tare da gundumarsa ta Tipperary, a kakar 1900 da 1906 da 1908, biyu daga ciki yana kyaftin. Abin alfahari ne, amma ko a zamaninsa ba shi ya fi kowa ba: a maƙwabciyar gunduma ta Kilkenny akwai mutum huɗu da kowannensu ya tara lambobin yabo bakwai tsakanin 1904 da 1913. Da yawan nasara kaɗai ake dubawa, da sunan ɗayansu ne ya fi cancantar hawa kan babban fili. Dalilin da ya sa na Semple ya hau yana tattare da zamanin da ya rayu a ciki da kuma abin da ya yi da shi. Ƙuruciyarsa ta faɗo daidai shekarun da hurlin ya tashi daga karon ƙauye da ƙauye ya koma wasa mai doka, mai jadawali, mai gidan kansa, shi kuwa yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar wannan sauyi, a cikin fili da wajensa.

Gora da ƙwallon fata

Ana buga hurlin da gora mai faffaɗan kai, wadda ake sassaƙawa daga itacen wata bishiya da ake kira ash, saboda itacen yana da ƙarfi kuma yana ɗan lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. A harshen Gelik, harshen asali na ƙasar, sunan gorar camán, ƙwallon kuwa sliotar. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce cikin tafin hannu ba, an lulluɓe ta da fata an ɗinke. Ɗan wasa yana iya bugunta tana ƙasa, ko ya ɗaga ta da gora ya buge ta a sama, ko ya cafe ta da hannu, ko ya ɗora ta a kan gora ya sheƙa a guje. Abin da aka hana shi ne ya tsince ta daga ƙasa da hannu, ko ya yi jifa da ita. Idan ƙwallo ta shiga raga an sami maki uku. Idan ta bi ta saman sandar da ke gicciye, tsakanin dogayen turaku biyu, maki ɗaya ke nan. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: 3-16 na nufin ƙwallo uku a raga da maki goma sha shida, jimla 25.

Wasan tsoho ne ƙwarai. Tatsuniyoyin ƙasar sun ce jarumin nan Cú Chulainn ya samo sunansa ne tun yana yaro, ranar da ya kashe wani mugun kare da ƙwallon hurlin. Tsofaffin dokokin gargajiya na Ailan sun tanadi diyya ga wanda aka ji wa rauni a wajen wasa. A 1366, dokokin da hukumar Ingila ta kafa a Kilkenny sun hana 'yan Ingila mazauna ƙasar buga shi, don kada su narke cikin al'adun mutanen da suka zo mulka. A ƙarni na 18 kuwa sai al'amari ya juya: manyan masu gandaye, waɗanda akasarinsu tsatson Ingila ne, suka riƙa haɗa ƙungiyoyi daga cikin talakawan da ke noma a ƙasarsu, ana karawa tsakanin wannan gandu da wancan, ana zuba caca mai yawa.

Wannan ɗaurin gindi ya yanke bayan tawayen 1798 da haɗe Ailan da Birtaniya a 1801, domin masu gandaye sun fara kallon duk wani taron samari masu riƙe da sanduna a matsayin barazana. Malaman coci da yawa ma ba su so shi, saboda shaye-shaye da faɗan da kan biyo bayansa ranar Lahadi. Sai kuma ga babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Ƙauyen da ya rasa samarinsa ba shi da wanda zai riƙe gora. Zuwa wajen 1880, hurlin ya rage a 'yan tsirarun wurare kawai, kowanne da irin dokarsa, yayin da kurket, wasan 'yan Ingila, ya yi rassa har a cikin ƙauyukan Tipperary da Kilkenny.

Taron otel ɗin Hayes

Ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wasu mutane ƙalilan suka haɗu a wani ɗaki na otel ɗin Hayes da ke Thurles, suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya wadda aka fi sani da GAA. Jagoran tafiyar malamin makaranta ne daga gundumar Clare, Michael Cusack. Shugaban farko kuwa Maurice Davin, manomi kuma shahararren ɗan wasan motsa jiki daga Tipperary. Suka nemi manya uku su zama iyayen ƙungiya: babban limamin Katolika Thomas Croke, wanda mazauninsa ke nan Thurles, da ɗan siyasa Charles Stewart Parnell, da Michael Davitt, jagoran fafutikar manoma kan mallakar gonaki. Wannan zaɓe ya nuna inda ƙungiyar ta jingina: coci, majalisa da gona.

Dabarar da ta fi kowace tasiri ita ce ɗora ƙungiyoyi a kan yankin coci, wato ƙauye ko unguwar da mutanenta ke ibada a majami'a ɗaya. Mutum yana buga wa mahaifarsa ne ko inda yake zaune, babu saye, babu sayarwa, babu albashi. A wancan lokacin, ƙungiyar da ta zama zakara a gunduma ita ce ke wakiltar gundumar a gasar ƙasa. Wasan ƙarshe na farko, na kakar 1887, an buga shi a garin Birr ranar 1 ga Afrilu, 1888, mutum 21 a kowane ɓangare, kuma ƙungiyar Thurles ce ta doke Meelick ta gundumar Galway. A ranar, saura mako ɗaya Tom Semple ya cika shekara tara.

Sai dai ƙungiyar ta kusa mutuwa tun tana jaririya. Tafiyar da ta kai 'yan wasa Amurka a 1888 don neman kuɗi ta ƙare da bashi, kuma da dama daga cikinsu ba su dawo gida ba. Rigima ta ɓarke tsakanin limamai da masu ra'ayin ƙwatar 'yanci da makami kan wanda zai riƙe ragama. Da jam'iyyar Parnell ta dare biyu a 1890 zuwa 1891, sai GAA ta bi bayan Parnell, limamai da yawa suka juya mata baya, rassa suka yi ta rufewa. Abin da ya ceto ta a shekarun da suka biyo baya shi ne komawa ga gyaran wasan kansa. A 1892 aka rage 'yan wasa daga 21 zuwa 17, aka kuma yarda zakaran gunduma ya gayyato gwanaye daga sauran ƙungiyoyin gundumar. Da can ƙwallo ɗaya a raga tana rinjayar kowane adadin maki. A 1892 aka ƙayyade ta a maki biyar, a 1896 aka mayar da ita uku. Wannan sabon wasa ne Semple ya taso ya tarar.

Yaron Drombane a tashar jirgi

An haifi Tom Semple ranar 8 ga Afrilu, 1879, a Drombane, wani ƙauye mai tuddai a yamma da Thurles. Yana matashi ya bar gida ya koma Thurles, ya kama aiki a kamfanin reluwe na Great Southern and Western, wanda babban layinsa ya haɗa Dablin da Cork.

Wannan sana'a tana da muhimmanci a labarin, domin reluwe ce ta mayar da hurlin wasan ƙasa. Lahadi ce kaɗai ranar hutun ɗan ƙodago da yaron kanti, kuma a ƙafa ko a keken doki mutum ba ya wuce ƙauyen maƙwabta ya dawo a yini ɗaya. Da kamfanonin jirage suka gano akwai riba a jera jirage na musamman masu rangwame zuwa wajen wasanni, sai ya zama dubban mutane na iya barin gida bayan ibadar safe, su kalli wasa a wata gunduma, su kwana a ɗakunansu. Dogaron ya kai matsayin da a 1910 ƙungiyar Kerry ta ƙi zuwa wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar gargajiya saboda saɓani da wannan kamfani da Semple ke yi wa aiki, aka miƙa wa Louth kambu ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Thurles kuwa tana kan babban layi, a tsakiyar ƙasar hurlin: Cork a kudu, Limerick a yamma, Kilkenny a gabas. Wanda ke aiki a wannan tasha ba ya bukatar a gaya masa yawan jama'ar da wasa ke iya jawowa, domin a gabansa suke sauka.

Semple dogo ne, ƙaƙƙarfa, yana wasa a sahun gaba. Kambunsa na farko ya same shi ne a matsayin baƙon gayya. Ƙungiyar Two-Mile-Borris ce zakarar Tipperary a kakar 1900, ita ta gayyato shi daga Thurles bisa dokar 1892. Gasar ta yi jinkiri sosai, kamar yadda aka saba a lokacin, har ba a buga wasan ƙarshe ba sai ranar 26 ga Oktoba, 1902, a filin Jones' Road da ke Dablin. Watanni kaɗan ke nan kafin dakarun Birtaniya su shiga Kano a Fabrairun 1903. Ailan kuwa ta riga ta shafe ƙarnoni a ƙarƙashin wannan sarauta. Abokan karawar ranar 'yan Ailan ne mazauna Landan, 'ya'ya da jikokin waɗanda yunwa da talauci suka kora, domin a waɗannan shekaru GAA ta ba 'yan ci-rani gurbi a wasan ƙarshe. Landan ta riƙe gaba har dab da tashi, kafin Tipperary ta zura ƙwallo biyu a raga, aka tashi 2-5 da 0-6.

Shekarun masu shuɗiyar riga

Daga nan Cork ta mamaye lardin Munster shekara biyar a jere, daga 1901 zuwa 1905, Tipperary ta koma kallo. A wannan tsakanin ne Semple ya karɓi jagorancin ƙungiyar Thurles, wadda aka yi wa laƙabi da launin rigarta shuɗiya. An san shi da tsanani wajen horo da ladabi, a zamanin da yawancin 'yan wasa ke ganin aikin gona ya wadatar da su motsa jiki. Da mutum 34 a fili da ƙwallo mai nauyi, wadda kan ƙara nauyi idan ta sha ruwa, akasarin wasan a ƙasa ake yinsa: wanda ya riga kai gora ya buga nan take, ba tsayawa ɗagawa. Irin wannan wasa yana son ƙafa mai sauri, numfashi mai tsawo, da mutanen da kowa ya san inda ɗan'uwansa yake tsaye. Thurles ta ci gasar gunduma a 1904, sannan ta jera 1906, 1907, 1908 da 1909, ta ƙara a 1911. A 1906 kuma Semple ya zama zakaran ƙasa a gasar bugun nesa, inda ya aika da ƙwallo yadi 96, ƙwallon da ta kai ninki biyu na ta yau a nauyi.

A kakar 1906 ya jagoranci Tipperary ta karya lagon Cork a Munster, ta kai wasan ƙarshe da Dablin, wanda aka buga a Kilkenny ranar 27 ga Oktoba, 1907. Dablin ta zura ƙwallo a raga cikin daƙiƙun farko, tun 'yan kallo ba su gama gyara tsayuwa ba. Tipperary ba ta ruɗe ba. Ta yi ta tara maki ɗaya bayan ɗaya har aka tashi 3-16 da 3-8. Ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki a ƙwallayen raga, tazarar maki takwas ce ta raba gardama.

A kakar 1908 aka sake haɗuwa da Dablin. Wasan farko, a Jones' Road cikin Afrilun 1909, ya tashi canjaras, 2-5 da 1-8, maki goma sha ɗaya kowanne. A maimaicin da aka yi a Athy cikin watan Yuni, Tipperary ta yi kaca-kaca da su, 3-15 da 1-5. Akwai abin lura game da waɗannan ƙungiyoyi na Dablin: akasarin 'yan wasansu ba haifaffun birnin ba ne, 'yan karkara ne da suka je neman abinci, da yawansu daga Tipperary. Ƙungiyar Kickhams da ta wakilci birnin a 1908 yaran kantunan tufafi ne suka kafa ta, kuma sunan wani marubuci ɗan Tipperary, Charles Kickham, ta ɗauka. Wato Semple ya ci kambunsa uku ne a kan 'yan ci-rani, sau ɗaya na Landan, sau biyu na Dablin. Ƙaurar da ta kusa kashe wasan ita ce kuma ta kai shi birane.

Ranar 12 ga Disamba, 1909, a Cork, dare ya yi wa Tipperary. Kafin wannan rana ta buga wasan ƙarshe na kaka takwas, ba ta taɓa faɗuwa ba. Kilkenny, ƙarƙashin kyaftin Dick Walsh na ƙauyen Mooncoin, ta doke ta 4-6 da 0-12. Mutanen Semple sun fi yawan bugun da ya shiga, goma sha biyu da goma, amma ba su sami raga ko sau ɗaya ba, Kilkenny kuwa ta same ta sau huɗu. Walsh da Sim Walton da Jack Rochford da Dick Doyle su ne mutum huɗun nan masu lambobi bakwai. Zamani ya koma hannunsu.

Fam 900

Shekarar da ta biyo bayan wannan faɗuwa ita ce mafi muhimmanci a tarihin Semple, kuma ba a cikin fili abin ya faru ba. Har zuwa lokacin, yawancin wasannin GAA a filayen aro ake yinsu: makiyayar wani manomi, filin sukuwa, ko filin baje kolin dabbobi. Mai fili yana iya fasawa a daren wasa. Inda babu katanga ba a iya karɓar kuɗin shiga, inda babu shinge kuma 'yan kallo kan kwararo cikin fili su tsayar da wasa, abin da ya sha faruwa a shekarun farko. Kayan aro ba ya rufe katara: ƙungiyar da ba ta da filin kanta ba ta da kuɗin shiga tabbatacce, ba ta kuma da ikon tsara jadawalinta.

A 1910 aka sa filin baje kolin Thurles a kasuwa. Semple da wasu 'yan gari, tare da goyon bayan wani limami mai suna M. K. Ryan, suka kafa kwamiti suka saye shi a kan fam 900. Babu attajiri ɗaya da ya biya. Hannun jari aka yanka, mutanen gari suka saya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Filin ya ci gaba da zama mallakin masu hannun jarin har 1956, lokacin da aka miƙa shi ga GAA. Thurles ta riga uwar ƙungiya da shekara uku, domin sai a 1913 GAA ta sayi Jones' Road a kan fam 3,500 ta sa masa sunan Croke.

A wannan shekara ta 1910 ne kuma aka cire ƙarin turakun gefe, aka tsayar da fasalin raga da dogayen turaku biyu da ake gani yau. A cikinta ne 'yan wasan Tipperary da na Cork, har da Semple, suka tafi Beljiyam suka yi wasan nuni a Fontenoy, inda sojojin Ailan da ke cikin rundunar Faransa suka gwabza da dakarun Birtaniya a 1745. Zaɓen wurin ya isa ya nuna cewa wasan bai taɓa rabuwa da siyasa ba.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin fili. Wasan ƙarshe na kakar 1911, tsakanin Kilkenny da Limerick, an tsara shi a Cork, amma ruwa ya malale filin. Hukuma ta mayar da shi Thurles, Limerick ta ce in ba Cork ba, ba za ta buga ba, sai aka ba Kilkenny kambu a ofis. Don a cike giɓin kuɗin ƙofa aka shirya wasan madadi da Tipperary a Dungarvan cikin Yulin 1912, Kilkenny ta ci 3-3 da 2-1. Rigimar ta nuna raunin tsarin, ta kuma nuna cewa shekara biyu kacal bayan saye, an riga an ɗauki filin Thurles a matsayin wanda ya isa karɓar wasan ƙarshe na ƙasa. A wajen wannan lokaci ne Semple ya ajiye gora. A 1913 aka rage 'yan wasa zuwa 15, adadin da ake kai har yau, don haka duk wasansa a zamanin mutum 17 ya yi shi.

Daga fili zuwa teburin taro

Barin wasa bai raba shi da ƙungiya ba. Ya shugabanci hukumar GAA ta Tipperary daga 1915 zuwa 1917, ya kuma wakilci gundumar a majalisar lardin Munster da ta ƙasa. Aiki ne na lissafin kuɗin ƙofa, sasanta ƙorafe-ƙorafe da tsara ranakun wasa, wanda ba a yi wa mai yinsa tafi.

Shekarun kuwa na tashin hankali ne. Bayan boren Ista na 1916 a Dablin, hukumar Birtaniya ta tsananta. A 1918 ta ce ba za a yi taron wasa ba sai da takardar izini. GAA ta ƙi nema, ta kuma shirya wasanni a duk faɗin ƙasar a lokaci ɗaya ranar Lahadi 4 ga Agusta, har 'yan sanda suka rasa inda za su fara. Harbin farko na yaƙin neman 'yanci ya tashi ne a Soloheadbeg, cikin Tipperary, ranar 21 ga Janairu, 1919. A wannan yaƙi ma'aikatan reluwe sun zama hanyar sadarwar 'yan gwagwarmaya, kuma Semple ya yi amfani da matsayinsa a tashar Thurles wajen tsara isar da saƙonninsu. Ranar 21 ga Nuwamba, 1920, bayan 'yan gwagwarmaya sun kashe jami'an leƙen asirin Birtaniya da safe a Dablin, dakarun gwamnati suka buɗe wuta a filin Croke ana tsaka da wasan ƙwallon ƙafar gargajiya tsakanin Tipperary da Dablin. Mutum 14 suka mutu, cikinsu har da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan.

Abin da aka biya

Ceton hurlin bai zo kyauta ba. Don ta kare wasanninta, GAA ta kafa doka a farkon ƙarni na 20 wadda ta hana 'ya'yanta buga ko kallon wasannin da ta kira na baƙi, irin su ƙwallon ƙafa ta Ingila da kurket, ta kuma hana sojoji da 'yan sandan Birtaniya shiga. Dokar ta yi aikin katanga, amma ta raba maƙwabta, ta sa an naɗa masu sa ido a kan 'yan'uwansu. A 1938 har shugaban ƙasa Douglas Hyde, mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa ga raya harshen Gelik, aka cire daga cikin iyayen ƙungiya don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa.

Haka kuma, dokar bai-ɗaya ta kashe bambanci. Kafin 1884 akwai salo biyu: na kudu, wanda ake yi lokacin zafi da faffaɗar gora, da na arewa, wanda ake yi lokacin sanyi da siririyar gora, ƙwallo na tafiya a ƙasa. GAA ta ɗauki na kudu, na arewa ya shuɗe. Masanin tarihi Kevin Whelan ya nuna cewa yankin da hurlin ya kafu ya yi daidai da ƙasa mai albarka, marar laka, inda masu gandaye suka taɓa ɗaure masa gindi. Har yau wasan bai fita sosai daga wannan da'ira ba: Kilkenny da Cork da Tipperary kaɗai sun lashe fiye da kashi biyu cikin uku na dukkan gasannin ƙasa. Abin da tsaran Semple suka raya wani zaɓaɓɓen nau'i ne na wasan kakanni, wanda aka yi wa gyaran da zai dace da agogo, jirgin ƙasa da mai karɓar kuɗi a ƙofa. Ba don wannan gyara ba kuwa, da wuya ya kai yau.

Suna a kan ƙofa

Tom Semple ya rasu ranar 11 ga Afrilu, 1943, kwana uku bayan ya cika shekara 64. Bai taɓa ɗaga kofin Liam MacCarthy ba, wanda zakarun hurlin ke ɗagawa yau, domin sai a gasar kakar 1921 aka fara bayar da shi. A 1971 aka sa wa filin Thurles sunansa, kuma a wannan shekarar ce GAA, a babban taronta na Belfast, ta soke dokar hana wasannin baƙi. Ƙungiyar da ta mallaki filaye a kusan kowane yankin coci ba ta da sauran bukatar tsare 'ya'yanta da tsoratarwa. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya hurlin cikin jerin al'adun gado na bil'adama, kuma har yau 'yan wasan da ke cika filin Croke da mutum dubu 82 ba su cin albashi. Malaman makaranta ne, manoma, ɗalibai da ma'aikatan banki, waɗanda ke komawa bakin aiki bayan wasa.

A 1984, da GAA ta cika shekara ɗari, aka fitar da wasan ƙarshe daga Dablin karo na farko tun 1937, aka kai shi Thurles. Ranar 2 ga Satumba, Cork ta doke Offaly a filin da mutanen gari suka yi karo-karo suka saya shekara 74 da suka gabata. Cork ta tashi da 3-16, daidai adadin da mutanen Semple suka ci a wasan ƙarshe na kakar 1906. Da yamma 'yan kallo suka gangara tasha, inda mai sunan filin ya yi aiki, suka hau jirage zuwa gida.